Sai Mai Ya Yi Barci

Talata, lokacin hutun rana

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ku lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Kin san kunnen Baba. In lokacin shan magani ne sai na kira shi sau uku, amma in na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi raɗa a waya, ina fitowa zai maimaita mini duk abin da na ce. Don haka a wurin aiki nake rubuta miki, a kan teburin guga, kafin a turo mana zannuwan gadon hawa na huɗu. In za ki ba ni amsa, ki aiko nan ɗakin wankin otal ɗin, kada ki aika gida.

Sanyin ƙasar nan ya shigo da gaske, yayyafi ba ya tsayawa, kuma har yau ba a kunna hitar ɗumama ɗaki a gidan nan ba. Kin san dokar, ta girme ki. Kwalbar man zaitun ɗin nan ta kan tagar kicin. Ranar da man ya yi barci, ya yi fari ya daskare, ran nan ake kunna hita, ba kafin nan ba. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana kanikanci a garejin motocin bas, don haka a wurinsa jikin mutum na iya yin raki amma mai ba ya ƙarya. Kullum da safe sai ya ja ƙafa zuwa kicin, ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya karkata ta, man ya gangara, ya mayar ya ajiye. Ya ce, "Bai yi ba." Shi ke nan, an gama shari'ar ranar.

Abin da ya ɗaure mini kai, a zamanin Mama, Allah ya jiƙanta, war haka man ya daɗe da yin barci. Bana, hunturun farko da babu ita, ya ƙi ko gyangyaɗi.

Gidan kuwa ya jiƙe, Auta. Gilashin taga na zubar da ruwa tun safe har rana ta faɗi. Bangon ɗakin Baba gumi yake yi, in kin shafa sai tafinki ya jiƙe. Baƙin ɗigo-ɗigo ya fito a kusurwar da ke saman gadonsa, na goge, bayan kwana biyu ya dawo da 'yan'uwansa. Gishiri ya dunƙule a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, bargo na warin laima ko da jiya aka wanke shi. Shi kuma tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, yau kwana goma sha ɗaya.

Ranar Juma'a haƙurina ya ƙare, na je na murɗa hitar da kaina. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi da filaya a hannu. Ya kashe, ya cire maɓallin gaba ɗaya, ya jefa a aljihun 'yar shararsa tare da carbi. Daga nan ya ƙi cin abinci har washegari da la'asar, sai da na durƙusa na ba shi haƙuri kamar wadda ta yi sata. Yanzu maɓallin tare suke kwana.

Na yi iya dabarata. Na bi tagogi duka na liƙe su da salatif. Ramukan nan na iska da ke saman ƙofofi na cusa musu tsumma, don ta nan sanyi ke shigowa. Ina dawowa aiki nake ɗora babbar tukunya ta yi ta tafasa, ko tururin ya ɗan ɗumama mana. Shanya ma na daina kaiwa waje, a ɗakinsa nake baza ta a kan kujeru tunda a can ya fi zama. Duk da haka abin gaba yake yi.

Ga shi ba ya bari a taɓa komai na Mama. Silifas ɗinta na nan a bakin ƙofa inda ta cire su. Ran nan zan wanke firij, na kai hannu kan wata baƙar leda da ke can ƙasa bayan albasa, ya daka mini tsawa daga falo wai in bar ta yadda na gan ta. Leda fa, Auta.

Na gaji. Wuni nake a cikin zafin injin busar da kaya har rigata ta manne a bayana, in fito in shiga gidan da ya fi titi sanyi. Na saki ɗakina na haya na dawo don in kula da shi, ga shi ina kallo yana narkewa a gabana saboda kwalba. Ke kika fi daɗewa da su a gidan nan, ni da wuri na fita. Ki faɗa mini yadda Mama take yi da shi. Ko kuwa ki kira shi ki yi masa magana, ke ce 'yar gaban goshi.

Ki gaida maigidan. Allah ya bar zumunci.

Yayarki

*

Asabar

Zuwa ga Yayata,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso jiya. Sannu da ƙoƙari, Yaya, Allah ya saka miki. Mu nan lafiya lau, sai nauyi. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin maigidan nake sawa, likita kuma ta ce in manta da doguwar tafiya sai bayan na haihu. Ba don haka ba da kin gan ni.

Na kira Baba kamar yadda kika ce. Ya yi ta tsokanata, wai in namiji ne sunansa za a sa, in mace ce ba ruwansa. Da na kawo zancen hita sai ya ce layin ba kyau, ba ya ji na sosai. Tari ya sarƙe shi sau biyu muna magana, na ji ba daɗi.

Yaya, kada ki ga kamar ina koya miki aiki, amma ina ganin ki cire tsumman nan daga ramukan iska, ki daina shanya a ɗakinsa. Mama kullum da safe takan buɗe tagogi duka, komai sanyi, daidai tsawon lokacin da za ta share gidan, sannan ta rufe. Takan ce sai an kori numfashin jiya. Kuma ba ta taɓa barin kabad ya jingina da bango, tana barin faɗin tafin hannu a tsakani.

Batun kwalba kuma, ki ƙara haƙuri. Kin san halinsa, in aka matsa masa ƙara kafewa yake yi. Ki bi shi a hankali, wataƙila sanyin ya ƙaru cikin makon nan man ya yi barci da kansa. Kafin nan ki ninka masa bargo, ki riƙa ba shi ruwan zafi da zuma.

Na sa miki safa biyu masu kauri a cikin ambulan, ɗaya taki ɗaya tasa. Ni na saƙa, kada ki duba dunduniyar da kyau.

Ki gaishe mini da Baba. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki lada.

Ƙanwarki,
Auta

*

Alhamis

Auta,

Salama. Safa ta iso, an gode. Tasa tana ƙafarsa.

In ƙara haƙuri. Na karanta wannan layin naki a tsaye a gaban injin wanki, na yi dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Haƙuri yana da daɗin aikowa a ambulan daga gida mai ɗumi. Bari in ba ki labarin abin da haƙurin ya haifar.

Ranar Litinin na dawo na tarar da Baba zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi, numfashi na fita da ƙyar, yana wani fito kamar buta ta kusa tafasa. Na kai shi asibiti. Suka ce ƙirjin ya kamu, suka ba shi magani da abin shaƙa, suka sallame mu da yamma da sharaɗin za a turo nas ta duba inda yake kwana.

Jiya ta zo. Wata doguwa ce mai gilashi, ba ta da hayaniya. Tun daga bakin ƙofa na ga ta ja hanci. Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ta ga salatif ɗina, ta miƙa hannu ta zaro tsumman da na cusa a ramin iska, ta riƙe shi da yatsu biyu yana ɗigar ruwa. Ta kalli shanyar da ke kan kujeru, ta leƙa tukunyata da ke tafasa. Cikin ladabi ta bayyana mini cewa duk ruwan da na tafasa da wanda ya fita daga kayan wanki bai je ko'ina ba, yana cikin bango da katifa da ƙirjin Baba, domin na toshe masa duk hanyar fita. Ta tambaye ni aikin da nake yi. Na ce busar da kaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Shekara tara ina aiki a ƙarƙashin fankar da ke zuƙe tururi waje, ban taɓa ɗaga kai na tambayi amfaninta ba. Kin faɗa mini a takardarki, na sani. Haushinki ne ya hana ni cirewa.

Sannan ta ce mu ja kabad ɗin Mama daga bango. Ni na tura shi ya manne tun da na dawo, don in sami wurin shimfiɗa sallaya. Auta, bayan kabad ɗin baƙi ƙirin yake tun daga ƙasa har sama, fumfuna ta yi gashi. Na buɗe ciki. Zannuwanta na ƙasa duk sun kama, har da shuɗin nan mai zanen ganye da take sawa in za ta unguwa. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Ya juya ya koma falo.

Nas ɗin ta zaunar da mu ta yi magana ba kwana-kwana. Za ta dawo nan da mako biyu. In ta tarar da gidan ba ɗumi, bango bai fara bushewa ba, za ta rubuta cewa bai dace mai ciwon ƙirji ya zauna a ciki ba, a nema masa gado a gidan kula da tsofaffi. Ta dubi Baba ta tambaye shi ko ya fahimta. Ya ce ya fahimta sarai, kuma za a kunna hita ranar da mai ya yi barci. Ta kalle ni, na kalli ƙasa. Ta yaya zan fassara mata wannan?

Na cire salatif, na zare tsummoki, na kai shanya wurin aiki, ina buɗe tagogi da safe yadda kika ce. Amma iska kaɗai ba ta busar da bangon da ya sha ruwa haka, sai da wuta. Na roƙe shi. Na yi fushi. Na ce masa za su ɗauke shi daga gidan da ya zauna da Mama shekara talatin da wani abu, su kai shi inda ba wanda ya san yadda yake son shayinsa. Ya sa hannu a aljihu ya dafe maɓallin, ya ce in haka Allah ya rubuta, to.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da ta ambaci gidan tsofaffin, kafin tsoro ya zo mini, sauƙi na fara ji. Na ce a raina, ashe zan yi barci. Na ji kunyar kaina daga baya, amma na ji shi, ba zan ɓoye miki ba.

Na yi tunanin kiran mai gyara ya sa sabon maɓalli. Baba zai cire shi kafin mutumin ya kai bakin titi, kuma ya daina cin abinci, ga shi maganin nan ba a shan sa da yunwa. Dabara ta ƙare mini. In kina da wani abu da ya wuce haƙuri da zuma, ki aiko. In babu, ki fara shirya abin da za ki ce masa ranar da za a zo ɗaukarsa, don ni ba zan iya ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Lahadi

Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini. Na karanta takardarki sau uku, na yi kuka har maigidan ya tsorata ya ɗauka naƙuda ce. Kina da gaskiya a kan duk abin da kika faɗa, har da wanda ba ki faɗa ba. Akwai abin da na sani tun takardarki ta farko na yi shiru, domin na yi wa Mama alkawari. Na yi ta fatan sanyin zai yi mini aikin in tsira da alkawarina. Yau zan karya shi, Allah ya yafe mini, na san ita ma za ta yafe.

Yaya, man nan bai taɓa yin barci a kan taga ba. Ko sau ɗaya. Kicin ɗin nan ba ya yin sanyin da zai daskarar da shi, sai dai in mutanen gidan sun riga shi daskarewa. Kwalabe biyu ne, iri ɗaya. Ta biyun tana cikin baƙar ledar nan ta ƙasan firij, bayan albasa.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu na kama ta. Na shigo kicin da sassafe neman ruwa, na gan ta tana ciro kwalba daga leda, fara fat, ta goge raɓar jikinta da gefen zani, ta ɗora a taga, ta ɗauke ta tagar ta sa a ledar ta mayar firij. Ta juyo ta gan ni. Ba ta ko razana ba. Ta ce in rufe bakina in miƙo mata tsintsiya.

Daga baya ta ba ni labari. Shekarar farko da suka kama gidan, kina goye, aikin Baba bai kankama ba, suka yi faɗa sosai a kan hita. Ita tana cewa jaririya na jin sanyi, shi yana cewa aljihunsa ba zai ɗauka ba. Da ya rasa yadda zai sauko ba tare da ya ji kunya ba, sai ya kafa dokar kwalba, wai ba shi ba ita, mai ne zai raba gardama. Ta ce to. Ta jira kwana uku, ta ga man ba shi da niyya, ta je kanti ta sayo irinta.

Na tambaye ta yadda take sanin ranar. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakinsu, ta zura shi a bayan kabad, ta manna tafina a bango. Ta ce duk safiya tana tafawa. Ranar da ta ji bangon ya yi sanyin da ke manne wa fata, kamar gindin randa, ba ta jiran ya fara gumi, washegari mai zai yi barci. Shi ya sa take barin faɗin hannu a wurin. In an kunna kuma ba ta bari a ƙure wuta a kashe, kaɗan take sa ta, ta yi ta ci a hankali wuni da kwana, tagogi kuma a buɗe su da safe ko ana hita. Da rana, in Baba ya fita, sai ta sake musanya kwalaben, in ya ga man ya narke ya ce ai ɗumin hita ne.

Ta ce kada in faɗa wa kowa, musamman ke, wai ke ba ki iya ɓoye abu ba, fuskarki takan tona ki. Kada ki ji haushinta. Yabo ne a bakinta, ta ce ke kika ɗauko gaskiyar Baba, ni na ɗauko wayonta.

Ban san ko man da ke ledar yana nan da kyau ba, ya kusa shekara. Amma ba ci za a yi ba, kallo za a yi. Ki tashi kafin ya fito, ki goge jikin kwalbar sosai kada raɓa ta tona ki, ki ajiye ta daidai inda gindin kwalbar tagar ya yi zobe a kan katakon. Sauran kuma ki bar wa Allah.

Batun sauƙin da kika ce kin ji, ni ba ni da bakin da zan ga laifinki. Wata takwas kina ɗauke da shi ke kaɗai, ni ina aiko safa. In Allah ya sauke ni lafiya, na yi arba'in, zan zo in karɓe ki ko na wata guda ne, ki je ki yi barcinki.

Ki rubuto mini da wuri, hankalina na wurinku.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Auta

*

Laraba

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na yafe miki, ki daina kuka kada ki jawo wa yaron mutane fitowa ba shiri.

Takardarki a wurin aiki ta same ni. Na karanta, na shiga ɗakin ajiyar tawul na zauna a ƙasa. Ba dariya na yi ba, ba kuka ba. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane cewa a gidanmu mai ne ke faɗin lokacin sanyi, har gardama na taɓa yi da wata a kan haka. Ashe tafin hannun Mama ne. Na ji zafin ɓoye mini da ta yi, ba zan ce ban ji ba. Amma da na tuna yadda nake in na yi ƙarya, kunnuwana har zafi suke yi, sai na ga ba ta yi kuskure ba.

Da na koma gida na jira ya shiga wanka, na buɗe ledar. Tana nan, Auta. Fara fat, daskararriya, an ɗaure bakin ledar da irin ƙullin nan nata mai kunne ɗaya. Ita ta ɗaure shi da hannunta. Na daɗe a durƙushe gaban firij kafin na iya kwancewa.

Kwana ɗaya na yi ina jayayya da kaina. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba tun da na yi wayo, kuma ga shi zan fara da furfura a kaina. Na je na zura hannu a bayan kabad, ban ma san me nake nema ba, bangon ya wuce duk wani gwaji. Na ji shi yana tari a falo. Na ce to, Mama, a ba ni aron fuskarki.

Jiya da safe na musanya. Na ciro ta cikin ledar, na sa ta tagar a madadinta. Na goge, na ajiye a kan zoben, na ɗauki tsintsiya na kama shara don kada ya ga idona. Ya shigo yana jan silifas. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya karkata ta, ba abin da ya motsa. Na ɗauka zai ce wani abu. Ya juya ta a hannunsa, ya shafa takardar jikinta da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, har na share wuri ɗaya sau huɗu. Can ya ajiye ta a hankali, ya sa hannu a aljihu, ya ciro maɓallin ya ɗora a kan tebur.

Ya ce, "Ya yi. Ki sa kaɗan, kada ki ƙure."

Daga nan ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa, bai fito ba sai azahar. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce maganin shaƙar ne. Ya ci abinci sosai, har ya nemi ƙari.

Yanzu ƙarafunan hitar da ke jikin bango sun ɗauki ɗumi, gidan na wani wari kamar an jiƙa tsohuwar tabarma, alamar ruwan na fita. Na ja gadonsa zuwa falo kafin ɗakin ya bushe, na wanke bangon da ruwan bilic, ina buɗe tagogi tsawon shara guda. Zannuwan Mama na kai su wurin aiki, biyar sun fita tas, shuɗin bai fita ba. Tarin bai tafi ba amma ya sauko daga inda yake.

Ban sani ba ko kwanakin da suka rage za su isa bangon ya nuna wa nas abin da take son gani. Kuma shirun nan nasa ya tsaya mini a rai. Ina jin kamar na cuci tsoho a gidansa, duk lokacin da ya kalle ni sai in sami abin gogewa. Ke da kika saba, haka ake ji?

An turo zannuwa, bari in tashi. Ki gaida maigidan, ki ɗaga ƙafafun nan a kan matashi.

Yayarki

*

Juma'a

Zuwa ga Autata,

Bayan sallama da sa albarka. Ina lafiya, tari ya yi sauƙi. Safa ta yi daidai, sai dunduniyar hagu.

Mako biyun ya cika, malamar asibiti ta dawo jiya. Ta tafa bango, ta saurari ƙirjina, ta ce a bar ni a gidana, za ta sake leƙowa bayan wata guda.

Na san ke kika faɗa wa yayarki, don ita ba za ta gano da kanta ba. Kin kyauta. Kwalbar taga akwai tabon baƙin mai na babban yatsana a jikin takardarta, tun ranar da na fara ajiye ta. Ta firij ba ta da shi. Duk sanda man ya tsufa mahaifiyarku takan juye sabo a ciki, ba ta taɓa lura da tabon ba. Ni na lura tun hunturun farko.

Bana kullum in na ɗaga sai in ga yatsana. Na kasa kunnawa da hannuna, Auta. In na kunna, na yarda ke nan babu mai musanyawa. Na san na wahalar da yarinyar nan ƙwarai, kuma bakina ba ya iya faɗa mata. In kin zo ki taya ni.

Amma batun tabon, kada ki gaya mata na sani. Mahaifiyarku ma ban taɓa gaya mata ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifinki